Notin Juyen da Ya Soke Ni a Yatsa

Akwai wata Asabar a tsakiyar damina da ba na jin za ta fita daga raina har ranar da za a kai ni makwancina. Mutum uku ne a cikin motata a kan hanyar Kontagora: mahaifiyata, ƙanena da ke tuƙi, da 'yata ta fari. Ni kuwa ina tsaye a ƙofar shagona a Kpakungu, riƙe da wani ɗan noti da bai kai babban yatsana tsawo ba, kuma a duk Minna shi kaɗai ya san abin da ke faruwa a cikin injin da ke ɗauke da su. Na yi asara a kasuwa ba sau ɗaya ba, an cuce ni, kaya sun sha kwanta min, amma duk wannan ban kira shi tsoro ba tun daga ran nan.

Sana'ata sayar da kayan gyaran mota. Ban gaje ta ba. Da faranti na fara, ina yawo da fulogi da ƙwayayen fitila a tasha, har Allah ya sa na kama shago. A shekarun tamanin sabbin kaya suka yi wuya ƙwarai, sai na shiga sayen motocin da suka yi haɗari, in farke su in sayar da abin da ya tsira. Akwai riba a ciki, ba zan ɓoye ba. Amma wanda ya sayi irin motar nan shi ke share ta. Na tsinci takalmin yaro ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kujera. Na tsinci ɗankwali, na tsinci carbi, na tsinci kwanon abinci da murfinsa a ɗaure, ba a kai ga ci ba. A hankali na iya karanta mota: wannan taya ce ta fashe, wannan barci ne ya ɗauki direba, wannan kuwa inji ne ya ƙame ana tsakiyar gudu, tayoyin baya suka tsaya cik a kan jiƙaƙƙen titi, motar ta juya ta yi daji. Na faɗi wannan ne don a gane cewa tsoron da na ji ran nan ba na wanda bai san komai ba ne. Sani ne ya yi min yawa.

A wani zuwa da na yi Legas saro kaya, wani dillali ya nuna min notin. A ƙasan kowane inji akwai noti guda da ake kwancewa a zubar da tsohon baƙin mai, mu notin juye muke ce masa. Wannan irinsa ne, sai dai an dasa masa mayen ƙarfe a baki, ta yadda duk ɓarɓashin ƙarfen da ke yawo a cikin mai zai zo ya manne. Na juya shi a hannu, na ga dabara ce mai kyau, na sayi kwali guda. Na ce a raina direbobin Minna za su yi rububi.

Ba su yi ba. Dariya suka yi. Wani tsohon direban tasi ya ce, "Alhaji, to ita filtar da ka sayar min makon jiya barci take yi?" Gaskiya kuwa yana da hujja, domin filta ce ke tace mai, kuma ita ke yin kusan duk aikin. Da na ga kaya za su kwanta, sai na ɗaura ɗaya a tawa motar, wata farar wagon da nake ji da ita, don in riƙa nuna wa mutane.

Juyen farko ne ya zubar min da mutunci. Bakanikena, wanda garejinsa ke bayan shagona, yana da al'ada irin ta duk bakaniken garin: akwai wani kwanon fetur a gefen rami, duk notin da aka kwance daga kowace mota a ciki ake jefa shi ya wanku. Ya kwance nawa, ya jefa a kwanon ba tare da ya ko duba ba. Da ya tsamo shi, sai ga shi ya yi gemu da gutsattsarin ƙarfe. Hankalina ya tashi. Na sa aka sauke kaskon ƙasan inji, aka duba komai, aka kwana biyu ana aiki. Lafiya lau. Ashe dattin motocin mutane ne mayen ya kwaso daga gindin kwanon. Na biya kuɗin aiki a banza, kuma labari ya zagaye Kpakungu. Yara 'yan gareji har suna suka sa min, in na wuce sai ka ji ana cewa ga Alhaji mai maye nan. Ran nan na yi wa bakaniken faɗan da ban taɓa yi masa ba. Na ce daga yau notin nan kada ya sake shiga kwano, kada ya taɓa ƙasa, daga inji sai hannuna.

Bayan haka an yi juye da dama, kullum abin da nake samu a bakinsa ɗan baƙin laushi ne, kamar kwallin da aka kwaɓa da mai. Kowane inji yana zubar da irin wannan, cin yau da kullum ne. In shafa da yatsa, in goge, a mayar. Ni kaina na fara ganin kamar direbobin nan sun fi ni gaskiya.

Sai ga Asabar ɗin. Ana suna a Kontagora, gidan ƙanwar mahaifiyata, kuma Hajiya, wato mahaifiyar tawa, ta ce da jikarta za ta je. Na ce ƙanena ya kai su, amma a yi wa motar juye tukuna. Da safe aka aiko an yi rasuwa a layinmu a Tudun Wada, na tafi jana'iza, na bar wa bakanike mabuɗi. Daga maƙabarta na wuce shago kai tsaye, ƙasar kabari ma ba ta gama fita daga takalmina ba. Ina zuwa na ga notina manne a jikin ƙofar ƙarfen shagon, daidai inda idona zai faɗa. Na ciro shi ina murmushi, na ce wannan mutum ya samu dabarar ajiya. Baƙin mai ya lulluɓe bakinsa kamar kullum. Na sa babban yatsa na shafa.

Wani abu ya soke ni.

Na duba yatsan, ga jini ya ɗan tsattsafo ta cikin baƙin man. Na ɗauko tsumma na goge a hankali. A ƙarƙashin laushin nan akwai wani gutsuren ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa, gefe ɗaya a goge sumul, ɗaya gefen yana ƙyalli irin na sabon karaya. Kusa da shi wasu ƙanana masu kaifi sun miƙe tsaye kamar ƙaya.

Ban rufe shago ba. Na zagaya gareji, na tarar da bakaniken a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Na ce ya fito. Ya fito yana goge hannu, ya ce, "Alhaji, an yi jana'iza lafiya? Ka ga mayenka? Washarsa ce ta ci, ɗan zoben nan da ke hana yoyo, yana ɗigar da mai, ba ni da irinta, sai na mayar da notin motar na asali."

Na ce, "Ka jefa shi a kwano?"

Wallahi a lokacin nan addu'a nake yi ya ce eh. Abin da na yi masa faɗa a kai, shi nake roƙon Allah ya sa ya sake yi. Da ya ce ya jefa, da na rungume shi.

Ya ɗaure fuska, ya ce, "Haba Alhaji! Tun ranar da ka tara min jama'a ban sake ba. Daga inji sai ƙofarka. Ko ƙasa bai taɓa ba."

Na buɗe tafin hannuna na nuna masa. Ya ɗauki gutsuren da farce, ya kai shi haske, ya juya. Mutum ne mai surutu, ko yana cikin rami bakinsa ba ya hutawa, amma wannan karon sai ya sake juya gutsuren yana duba karayar. Can ya ce a hankali, "Wannan haƙori ne." Na ce na me? Ya ce, "Na giyar famfon mai. Ina motar take?" Shi da kansa ya ba ƙanena mabuɗin, amma ruɗewa ta sa yake tambayata.

Ga wanda bai san mota ba, famfon nan shi ke tura mai ya zagaye inji, kuma da giya, wani faifan ƙarfe mai haƙora, yake aiki. In haƙoransa suka zube, mai ya tsaya, ƙarfe ya hau cin ƙarfe, cikin ɗan lokaci inji ya ƙame. In Allah ya taimaka mota ta tsaya a gefen hanya. In bai taimaka ba, irin motocin da nake saya ne. Ƙanena kuwa yaro ne mai nauyin ƙafa, in ya ga titi a miƙe ba ya jin magana. Ga hadari ya haɗo ta gabas. Waya babu, lokacin ko a gidana ba a ja ba, balle a mota.

Maƙwabcin shagona wani dattijo ne Bagware, dillalin doya, babba ne a cocinsu, mun shekara da shekaru muna tsokanar juna. Sarkin doya nake ce masa. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura da nake yawan cewa in ta mutu ko kyauta ba zan karɓa ba. Yana zaune a kan benci yana cin gyaɗa na tsaya a kansa. Bai bari na gama bayani ba, ya zubar da gyaɗar ya ce, "Hajiya da yarinya? Alhaji, hau." Bakanike ya jefa akwatin sifanu da igiya a baya, muka cusa kanmu mu uku a gaba.

Muka fara biyawa Tudun Wada, ko Allah zai sa shirin Hajiya ya riƙe su. Matata ta fito ƙofar zaure da muciya a hannu, ta ce ai sun ɗan jima da tafiya, yanzu kam sun wuce Bosso. Ta ce, "Lafiya?" Na ce saƙo ne na manta ban ba su ba. Ta dube ni, ta dubi bakanike, ta leƙa baya ta ga igiya. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce, "Allah ya sa ku same su." Har yau in na tuna yadda ta riƙe muciyar nan da hannu biyu sai in ji wani iri.

Muna fita gari na hau lissafi, don shi na iya. A-kori-kurar nan ba za ta taɓa kamo wagon ɗina a guje ba. Sai dai in sun tsaya. Kuma na san wuri ɗaya da dole su tsaya. Hajiya ba ta shiga gidan suna hannu rabbana, kuma ba ta taɓa wuce masu kifin bakin gadar Zungeru ba ta sayi banda ba. In ta tsaya kuwa ciniki take yi kamar za ta sayi gida. Ta ɗaga wannan ta shinshina, ta ajiye, ta yi kamar za ta tafi, ta dawo. Sau nawa na yi mata ƙorafi a kan wannan, in ce Hajiya ki bari in biya mu wuce, ta ce wanda ya tara da wahala ba ya zubarwa. Ran nan duk fatana ya rataya a kan cinikin nan. Na riƙa roƙon Allah ya sa masu kifi su yi taurin kai, ya sa kada su sauko da wuri.

Kafin Maikunkele ruwa ya sauko. Abin share gilashin motar ɗaya ne ke aiki, shi ma na gefen direba, ni ba na ganin komai sai ruwa yana gangara. Sarkin doya ya manna fuska a gilashi, motar na kuka kamar za ta rabu gida biyu. Ya ce, "Alhaji, yau dai ba ka zagi motata ba." Na san so yake ya ɗan sassauta min, amma hankalina yana can gaba wurin su Hajiya. Sai na ji yana wata 'yar waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Ni ina jan salati, bakanike yana ta maimaita cewa, "Ƙila ɗaya ne ya karye. In ɗaya ne zai iya kai su." Na ce in ba ɗaya ba ne fa?

A Beji muka tsaya gaban wata mata mai gasa masara a ƙarƙashin rumfa. Na tambaye ta ko ta ga farar wagon, da tsohuwa a baya. Ta ce, "Mai kaya a sama? Ta wuce kamar iska, har ruwa ta watsa min a wuta." Da ban tambaya ba ya fi min.

Abin da ba ya barina barci wani lokaci har yanzu shi ne abin da muka tarar bayan Beji. Muna shan wata kwana sai ga ɗanyen ganye an jera a kan titi. Duk mai bin hanya ya san ma'anarsa, wani abu ya faru a gaba. Ganyen sabo ne, ko taya ba ta taka shi ba. Can gaba mutane sun taru a bakin titi a cikin ruwa, mata da kwanuka a ka, duk suna kallon ƙasa cikin kwari. Ta tsakanin ƙafafunsu na hango wani farin abu a cikin ciyawa.

Sarkin doya ya tsaya. Na kama marfin ƙofa zan buɗe, hannuna ya ƙi. Ni da nake shiga cikin motar da aka ciro gawa jiya in yi ciniki ba tare da gabana ya faɗi ba, na kasa sauke ƙafa. Abin da ke zuwa min kawai takalmin 'yata, wani ja na roba da na sayo mata da sallah, ta ce shi za ta sa zuwa suna. Na gan shi a ƙarƙashin kujera, ƙafa ɗaya. Na ga wani ɗan kasuwa irina yana tsintarsa yana jefarwa. Dattijon ya dafa gwiwata ya ce, "Zauna. Ni zan duba." Na bi shi da ido yana ratsa mutane, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, ko kuwa ni ne na ga ya daɗe. Sai ya juyo yana kaɗa hannu. Ya dawo jiƙe sharkaf ya ce, "Ba su ba ne. Babbar mota ce ta zube da buhunan gari. Direba ya fita, yana can yana kuka a kan kaya." Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, sannan na ji kunyar murnar da na yi a kan asarar wani. Amma na yi ta, ba zan ce ban yi ba.

Daga nan ban sake kallon gefen hanya ba. Na rufe ido, na damƙe notin a hannu har ya yi min shaida a tafi.

Ruwa ya fara tsagaitawa muka gangaro Zungeru. Kogi ya cika ya yi ja, yana tafe da itatuwa. Bakanike ne ya fara gani, ya buge ni a kafaɗa ya ce, "Ga ta can!" Tana tsaye a gaban rumfunan masu kifi, hayaƙi na fita a bayanta, ƙanena ya riga ya tayar. Hajiya ta shiga, ƙafarta ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana miƙa wa mai kifi hannu ana ƙarasa magana. Na ga ta ja ƙafar, na ga an rufe ƙofa, na ga motar ta fara motsi ta nufi gada.

Ban san lokacin da na fita ba, a-kori-kurar ma ba ta gama tsayawa ba. Na ruga cikin taɓo, takalmi ɗaya ya cire, babbar rigar jana'iza na harɗe ni. 'Yata ce a gefen taga ta baya. Ita ce ta fari, kuma a gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta a gaban mahaifiyata ba, sai dai in ce ke, ko yarinyar nan. Ran nan na buɗe murya na kira sunanta, cikakke, har masu kifi suka miƙe. Na sake kira. Ta waigo, ta gan ni, na ga bakinta yana cewa Baba ne, Baba ne. Jar fitilar birki ta kama.

Ƙanena ya fito fuskarsa a firgice, ya ce, "Yaya, wa ya rasu?" Hajiya ta fara salati tun kafin ta ji. Na ce ba wanda ya rasu, kashe motar. Ya tsaya yana kallona. Na zura hannu ta taga na murɗe mabuɗin da kaina.

Da na yi bayani, sai tsoronsu ya koma haushi. Ƙanena ya ce, "Yaya, mayen nan ne kuma? Motar nan tun daga Minna ko tari ba ta yi ba. Ka tayar ka ji." Gaskiya ya faɗa, kafin in kashe ta na ji ƙarar injin, sumul, babu ko alama. Wannan ne ma ya fi ba ni tsoro. Hajiya ta dube ni daga sama har ƙasa, ƙafa ɗaya ba takalmi, ta ce, "Yanzu saboda wannan ɗan ƙarfen ka biyo mu cikin ruwa, ka tsinka min zuciya? Ni na ɗauka gobara aka yi." Na ce Hajiya ki yi haƙuri, motar nan ba za ta hau gadar nan ba. Ta ce to ita dai sunan nan sai ta je, ko da a ƙafa ne, kuma da jikarta ta fito da ita za ta isa.

Ba a jayayya da Hajiya. Muka jira har wata motar haya ta zo, direban mai sayen kaya ne a wurina, na san shi da natsuwa. Na sa su a ciki da kifinsu, na riƙe ƙofar na ɗan jima kafin in rufe. A nan wani abu ya faɗo min: na fitar da su daga motar da na san ciwonta, na sa su a wadda ban san komai a cikinta ba. Iyakar abin da mutum zai iya ke nan. Na tsaya har suka haye gadar suka ɓace.

Muka ɗaura wa wagon igiya, a-kori-kurar da nake rainawa ta jawo ta har Minna. A hanya wani tsoron daban ya kama ni, ƙarami amma mai cizo: in aka buɗe aka ga babu komai fa? Wannan karon ba Kpakungu kaɗai ba, har Kontagora sai an ji.

Washegari da safe aka sauke kaskon. Ƙanena ya zo ya tsaya da hannu a aljihu, yana jira ya yi dariya. Sarkin doya ya biyo daga coci da kayan adonsa, ya tsaya nesa da mai. Bakanike ya ciro famfon, ya wanke shi a fetur mai tsabta, ya ɗora a kan farin kwali. Ga giɓi a jikin giyar. Ya karɓi gutsuren daga hannuna ya saka a wurin, ya zauna daram kamar ba a taɓa raba su ba. Haƙorin da ke kusa da shi ya riga ya tafi rabi, na gaba kuma da wani siririn layi a gindinsa. Ya sa bakin sukudireba ya ɗan taɓa, ba da ƙarfi ba. Ya ɓalle ya faɗo a kan kwalin.

Ƙanena ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna. Na tambaye shi, da jar fitilar mai ta kama a hanya, me zai yi? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Yaya, cewa zan yi bari in kai Tegina a duba." Na gode masa da ya faɗi gaskiya. Na tambayi bakanike ko da za su kai. Ya ce, "Alhaji, ƙila su kai har su dawo. Ƙila kuma a kan gada. Ba wanda zai faɗa maka sai Allah." Ni ma ban taɓa cewa notin nan ya ceci rai ba, don ban sani ba. Abin da na sani shi ne ba a gwada ba, kuma ba na son sanin amsar.

Har yau in wani ya tambaye ni ko notin mai mayen ƙarfe ya cancanci kuɗinsa, abin da nake gaya masa ke nan, ko da zai hana ni ciniki. Ba ya gyara inji. Ba ya maye gurbin filta, ba ya ɗage maka ranar juye. Abin da ba baƙin ƙarfe ba ne, kamar alminiyam ko tagulla, wucewa yake yi ta gabansa bai sani ba, don haka tsabtar bakinsa ba shaidar lafiya ba ce. In aka jefa shi a kwanon kowa da kowa, ƙarya zai yi maka, ni ya yi min. Aikinsa ɗaya ne, ya riƙe maka abin da ya gani har ka zo. In kai mai dubawa ne, saya, ya fi kuɗinsa nesa. In kuwa mabuɗi kake miƙawa ka tafi sai an gama, bar kuɗinka a aljihu, noti ne kamar kowane.

Da Hajiya ta dawo daga Kontagora na kai mata giyar a cikin tsumma. Ta juya ta, ta taɓa giɓin. Na zaci godiya za ta yi ko addu'a. Sai ta ɗago ta ce, "Ashe dai ka san sunan 'yar taka. Ni na ɗauka ranar suna ba ka nan." Matata ta fashe da dariya a bakin murhu, tana dariya tana share ido da gefen zane.

In na zauna na yi lissafin abin, ga yadda ya tsaya. Na yi asarar cinikin Asabar, shago a buɗe ba kowa. Na sayi famfo a lokacin da yake tsada, na biya aikin banza na farko, na rasa takalmi ƙafa ɗaya a taɓon Zungeru, kuma kwalin notin nan fiye da rabinsa har na bar shagon bai ƙare ba. A matsayin kaya, faɗuwa na yi. A ɗaya gefen kuwa, Hajiya ta ƙara shekaru masu yawa tana cinikin kifi, ƙanena ya rage nauyin ƙafa, jan takalmin roban nan kuma 'yata ta sa shi ƙafa biyu har ya matse ta aka ba ƙanwarta. Abin da ran nan ta koya min shi ne, gargaɗi ba ya zuwa da ƙara, kuma don abu ya taɓa ba ka kunya, wannan ba dalili ba ne na daina duba shi. Tun daga lokacin, duk abin da rayukan mutanena za su hau, sai na sa yatsana na shafa da kaina kafin in miƙa mabuɗi.